Kafaɗar Mai Agogo

Litinin, da hantsi

An kwashe teburanmu na zane, an jera kwamfutoci a gurbinsu. Na dawo daga hutun da na ɗauka na tarar har fitilata ta bi su. Shekara da shekaru ina zana Mai Agogo da fensir, takarda bayan takarda, har ya miƙe ya yi tafiya a talabijin yara suna bin sa da tafi. Yau Darakta ya tara mu ya ce zamani ya bar wurin. Yadda yake kiran zamani sai ka ce kawunsa ne da zai zo ya gyara mana zama.

Ga sharaɗin. A ƙarshen wata kowa zai nuna gwaji. Nawa shi ne Mai Agogo ya shigo shago, ya ajiye akwatinsa, ya yi murmushi. In ya yi kyau, in ci gaba da riƙe shi. In bai yi ba, a ba wani, ni kuma a kai ni ɗakin ajiya in riƙa ɗaukar hoton tsofaffin zane.

"Ba kora ba ce, Malama," in ji shi. "Girmamawa ce."

Na karanta tarihi daidai gwargwado. Na san irin ɗakin da ake kai wanda aka girmama.

Sun kawo wanda zai koya mana. Siriri ne, mai ladabin da ya yi yawa. Aikinsa sa wa mutanen kwamfuta ƙashi, don haka na raɗa masa Maɗori. Ya nuna min Mai Agogo a allo, an gina shi daga zanena, da hularsa da tabaransa da kafaɗarsa ta dama da ta ɗan sauka, yadda na saba yin ta. Yana tsaye ya ware hannuwa kamar ana laluben aljihunsa a bakin ƙofa. Ciki fayau, ba komai.

Maɗori yana cikin bayanin wani koren maɓalli da ake latsawa kafin a tashi, wayata ta yi ƙara. Na fita. Ban dawo ba.

Gida lafiya.

Talata, bayan azahar

Ƙashi. Ana jera shi a cikin jiki gaɓa bayan gaɓa, kowane yana rataye da na gaba da shi. Duk ƙwarangwal ɗin da abin da ake jan sa da shi suna kiransa rig.

"Mama, kin ga wannan? Ƙugu ne. Shi ne uwar kowa. Kin motsa shi, jiki duka ya bi. Kin motsa yatsa, yatsa kaɗai zai tafi."

"Ni ba mamarka ba ce."

"To, Mama."

Na tambayi wadda ke kusa da teburina abin da na rasa jiya. Ita ce Mai Turare, turarenta yana riga ta shigowa ofis, yana kuma kwana bayan ta tafi. Ta ce ba wani abu, in dai latsa koren maɓallin kullum kafin in tashi, yana miƙa aikin ga babbar kwamfutar ofis.

Sai ta ce, "Anti, ya maigida?"

Na ce lafiya. Shekara nawa muna zaune kafaɗa da kafaɗa ba ta taɓa tambayar sa ba.

Laraba, da yamma

Na sa gwiwa a baibai, Mai Agogo ya durƙusa kamar zakara. Kowa ya yi dariya, har ni. Ni ce na fara dainawa.

Yau an shiga abin da ya kira fentin nauyi. Ƙashi ba ya jan fata sai an gaya wa fatar wanda za ta bi. Ana shafa launi. Inda ya yi ja, fata tana bin ƙashin sau da ƙafa. Inda ya yi shuɗi, ba ruwanta da shi. A hammata da kusurwar baki sai an raba, rabi nan rabi can, kamar rabon gado.

Wannan na iya. Hannuna ya san goga tun kafin a yaye Maɗori. Na yi hagu, na yi dama, har la'asar. Abin da ban gane ba shi ne yadda sauran suka gama tun azahar suna shan shayi. Ko dai yana ba su wani abin da bai ba ni ba. Ban leƙa allon kowa ba. Ba zan fara satar amsa da furfura ba.

Na latsa kore, na tafi.

Alhamis, ƙarfe tara

Na buɗe shi. Na ɗaga hannun hagu, ya tashi. Na ɗaga na dama, ƙashi ya tashi, naman ya tsaya a rataye, yana lilo daga kafaɗa. Na ja murmushi. Gefen hagu ya hau. Na dama ya zube wajen haɓa.

Na kashe allon. Na shiga banɗaki na daɗe ina wanke hannu.

Ba zan rubuta abin da ya yi kama da shi ba.

Alhamis, da la'asar

Na gyara shi ni kaɗai, na juya allona wajen bango. Ban nuna wa kowa ba. In na nuna, sai wani ya ce kai, kamar mai ciwon kaza, ya faɗi sunan, kowa ya yi dariya, ni kuma in tsaya in ji.

Ƙila kuskurena ne. Mai koyo ce ni.

Juma'a, ƙarfe tara

Hannun. Bakin. Dama dai.

Asabar, da hantsi

Kuskure ba ya zaɓar gefe ɗaya sau biyu. Ba ya zaɓar hannu da baki ya bar ƙafar hagu da kunne. Wanda ya yi wannan ya san abin da yake zanawa.

Ban gaya wa kowa ba a ofis. A takardar hutu na rubuta uzurin iyali. Amma Yaya tana nan, yayar Malam maigidana, ita ke zama da shi da rana tun da muka dawo gida daga asibiti. Yaya ba ta da sirri, tana da jerin waɗanda ta ce wa kada su faɗa. Na tambaye ta ko ta san wani a wurin aikinmu.

"Ni? Ina zan san masu zanen aljanu?"

"Ba ki yi wa kowa maganar ba?"

"Amarya, wa zan gaya wa? Mai kitso ce kawai, ita ma don ta yi addu'a."

Shekaru sun kai inda suka kai, har yanzu Amarya take ce min. Mai kitso kuwa kai nawa ke wucewa ta cinyarta a mako?

Na kwashe rigunansa masu maɓalli na kai saman kwaba. Na sayo cokali mai kaurin mariƙi. Gida lafiya.

Litinin, bayan azahar

Na sauya kalmar sirri. Na sa wadda ba mai iya cankarta, don ni ma sai da na yi tunani kafin ta dawo min.

Darasin yau zobba ne. Ba a kama ƙashi da hannu, in ji Maɗori, ana ɗaura masa zobe a waje, shi ake ja. Zobe a ƙugu, zobe a wuyan hannu, ƙanana a fuska. Hannu kuma iri biyu ake tafiyar da shi. Ko ka fara daga kafaɗa, ka juya ta, ka juya gwiwar hannu, ka sauko. Ko ka kama wuyan hannu ka kai shi inda kake so, sauran su bi dole.

"Na biyun ya fi in mutum zai dafa tebur," in ji shi. "Kamar kin kama hannun wani kina ɗaga masa."

Ya dube ni da ya faɗa. Ko kuma allon da ke bayana ya duba. A littattafan bincike da na karanta, mai laifi shi ne wanda ya fi kowa buɗe wa mutane ƙofa.

Likitar gashin ƙashi tana zuwa Litinin da Alhamis. Ta nuna min yadda zan riƙa yi a sauran ranaku. A wuyan hannu ake kamawa.

Talata, ƙarfe tara

Da sabuwar kalmar sirrin ma.

Talata, da yamma

Na gyara. Hannuna ya fara sanin hanya, abin da ya ci min yini yanzu yana cin rabinsa. Rabin da ya kamata in yi tafiyar Mai Agogo da shi ke nan. Sauran sun fara sa nasu taku. Nawa yana tsaye ana laluben aljihunsa.

Kafin in tashi na tsinke zare daga bakin mayafina na shimfiɗa a kan madannai. Na barbaɗa hoda kaɗan a gefen tebur. Na zare maus, linzamin kwamfutar, na jefa a jaka. Mace da digiri biyu tana ɗana tarko kamar mai fakon ɓera.

A mota na buɗe jaka neman kuɗin mota, maus ɗin ya leƙo. Matar da ke gefena ta matsa.

Laraba, ƙarfe tara

Zare yana nan yadda na bar shi. Hoda ba ko sawun ƙuda. Hannun a mace.

Laraba, lokacin shayi

Na tambayi Maɗori a fakaice, kamar ba komai, ko mutum zai iya buɗe aikin wani ba tare da ya zauna a kujerarsa ba.

"Sosai ma. Ai komai yana babbar kwamfuta. Ni ina iya buɗe na kowa, Darakta ma haka. Akwai matsala ne, Mama?"

"Babu."

"In ga inda kika kai?"

"In na gama ka gani."

To ashe su biyu ne. Darakta yana son ɗakin ajiya ya samu mai shi. Mai Turare ta taɓa cewa a gabana Mai Agogo ya tsufa, ya kamata a rage masa shekaru a ba shi babur. Maɗori hannu ne kawai, a ce masa yi ya yi. Na jera su a raina sun zauna daidai. Abin da bai zauna ba shi ne, in so suke in faɗi, me ya sa ba su share aikin gaba ɗaya ba? Me ya sa sai hannun da bakin? Wannan ba neman kujera ba ne. Wannan mugunta ce ta mai lokaci.

Alhamis, da magariba

Mutumin da ya yi shekaru yana koyar da magana a gaban aji, wanda ba a taɓa gama gardama da shi ba sai an gaji an bar masa, yanzu kalma ɗaya ta rage masa. Madalla. Ruwa, madalla. Ciwo, madalla. Yaya ta zubar masa da shayi a cinya, ya dube ta da idon da na sani, ya ce madalla.

Na ce ba zan rubuta wannan a nan ba.

Takalmin yana ja a baranda. Taku, sai ja. Taku, sai ja. Ina kicin na ƙara wa famfo ƙarfi.

Juma'a, da hantsi

Mai Turare ta ajiye min shayi a tebur ba tare da na roƙa ba. Ban sha ba.

Litinin, bayan azahar

Yau na yi magana. Ban kalli kowa ba, na kalli fanka, na ce da muryar da nake kiran mai gyaran famfo daga ƙasan bene, wanda ke shiga aikina na san shi, kuma ina ba shi shawara ya nemi wata sana'ar. Wani ya cire abin kunne ya ce me aka ce. Maɗori ya taso, na ɗaga masa hannu, ya koma.

Na gama gyaran ke nan waya ta yi ƙara. Yaya ce, tana magana ba numfashi. Na bar komai a buɗe, ko kore ban latsa ba, ko maus ban ɗauka ba.

Malam ne ya zame ya faɗi. Ba abin da ya karye. Tayil ɗin banɗaki ne, na sha cewa a sauya shi. Shi ne ya ce ɓarnar kuɗi ce, lokacin da yake cewa abubuwa.

Talata, ƙarfe tara

Lafiya lau. Hannu ya tashi, baki ya hau gefe biyu.

Ashe tsoro suke ji. Da na sani da tun makon jiya na yi wa fanka magana.

Na yini ina sa shi tafiya. Ana kafa tsayuwa a nan, a kafa wata a can, kwamfuta ta cike tsakani. Cikon nata kamar na mai iyo a cikin man gyaɗa, sai an bi an gyara. Na fara daga ƙugu yadda aka koya min. Sai na tsaya. Na san Mai Agogo yana da wani ɗan tsalle a takunsa, na zana shi ba adadi, amma na rasa a wace ƙafa yake farawa. Na rufe ido in ga mai tafiyar na asali yana sauka daga mota da jakar littattafai a kafaɗa. Ban gan shi ba. Taku da ja kawai nake ji.

Na sauka ɗakin ajiya na ɗauko tsofaffin takarduna. Ɗakin ba taga. Na duba shi da kyau, ko da za a yi.

A dama yake farawa.

Na latsa kore da murna, har na yi wa mai gadi sallama da fara'a, ya juya ya ga ko da wani nake.

Laraba, ƙarfe tara

Ya dawo. Hannun a mace.

Laraba, da yamma

Zan rubuta yadda aka yi, don in na huce zan rage.

Mai Turare ta shigo, ta ce Anti ina kwana, ya mai jiki. Mai jiki. Ba maigida ba. Na juyo da allon gaba ɗaya ya fuskanci ofis, na ja zoben murmushi har ƙarshe, na ce ta zo ta ga aikinta da rana, tunda a ɓoye take yin sa. Na faɗi wasu abubuwa game da turarenta da babur ɗinta da tarbiyyar da aka yi mata. An ce har uwar ƙugu na ambata. Ban tuna ba.

Ta kalli allon, ta sa hannu a baki.

Maɗori ya zo ya sunkuya. Bai yi dariya ba, wannan na ba shi. Ya juya Mai Agogo ta baya, ya ja wani layi daga tsakiyar kansa zuwa ƙasa, ya daɗe yana kallo.

"Mama, daman ma da hannu kike fentawa?"

"Da ƙafa ake yi?"

"Ba a yi ne gaba ɗaya. Hagu kaɗai muke yi. In an latsa kore, kafin ya miƙa aikin sai ya share dama, ya kwafo hagu ya juya shi kamar a madubi. Ni na haɗa shi don a rage wahala. Na yi bayani ranar farko."

Na ce ai na kowa ba ya mutuwa.

"Na kowa gefensa biyu daidai suke. Naki kafaɗar dama ta sauka, kan ya ɗan karkata, bakin ma haka. Madubin yana neman kafaɗa a inda ta hagu take, bai same ta ba, sai ya ba da naman ga ƙashin da ya tarar. Hannu ya bi haƙarƙari. Kunci ya bi wuya."

Na ce ya nuna min. Ya buɗe na jiya mai lafiya, ya ce in latsa da kaina in tsaya. Ban taɓa tsayawa ba, kullum ina latsawa da jaka a kafaɗa. Na latsa. Wani layi ya cika a hankali. A gabana hannun ya saki.

Yatsana ne. Kowace yamma, yatsana.

Ban ba kowa haƙuri ba. Na ce wanda ya haɗa na'urar da ta ɗauka duk ɗan Adam gefensa biyu ɗaya ne bai taɓa kallon mutum ba. Maɗori ya ce gaskiya ne, Mama. Wannan ya fi komai ba ni haushi.

Alhamis, da hantsi

Na tare Mai Turare a wajen tulun shayi. Na ce maganar mai jiki fa, mai kitso ce?

"Wace mai kitso? A asibiti na gan ki, Anti. Na kai mahaifiyata ganin likita, kina tura keken. Kin sa fuskar da ba a gaisawa, sai ban gaishe ki ba."

"Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa. Labarina ne?"

Ta zuba shayi biyu ta tafi da ɗaya. Ban yafe mata ba tukuna. Na rasa me zan yafe, shi ya sa abin ke ɗaukar lokaci.

Alhamis, bayan azahar

Darakta ya kira ni da Maɗori. Labari ya kai masa, har da uwar ƙugu. Ya ce abu mai sauƙi ne, a ɗaga kafaɗar ta yi daidai da 'yar'uwarta, a miƙe kan, madubi ya yi aikinsa, kowa ya huta.

"Yara ba za su lura ba, Malama."

"Yara ne kaɗai ke lura."

Maɗori ya ce akwai wata hanya. Zai iya cire wa Mai Agogo madubin, shi kaɗai. Amma daga nan duk abin da ke dama sai an yi shi da hannu, yau da gobe da duk ranar da aka sauya masa riga. Yatsu, fatar ido, komai. Kuma gwaji Litinin ne.

Darakta ya ce, "Kin ji. Ninki biyu na wahala a kan kafaɗa ɗaya. Me ke cikin kafaɗar nan?"

Jakar littattafai ce a cikinta, ta shekaru masu yawa, a gefe ɗaya, duk da na sha cewa ya riƙa sauyawa. Ban faɗa ba. Na ce haka yake.

Ya ce ranar ba za ta matsa ba. Na ce ban roƙa ba. Ina ganin ya ji daɗi. Ina ganin ya riga ya sa an share ɗakin ajiya.

Juma'a, da la'asar

Yatsun dama. Ɗan yatsa ɗaya yana da gaɓa uku, kowace da rigimarta.

Na sa Maɗori ya rantse ya cire madubin. Ya rantse. Na latsa kore na tsaya a kansa har ya gama, na sake buɗewa, na ɗaga hannun. Ya tashi. Na sake latsawa, don ban yarda da abin da ya yi daidai sau ɗaya ba.

Asabar, bayan azahar

Ofis ba kowa sai ni da Maɗori, ya ce yana da nasa aikin. Ban ga ya yi wani aiki ba.

Na bar bakin a ƙarshe. Kusurwar dama tana da wuya, fata uku ke haɗuwa a wurin, kunci da leɓe da haɓa. Na shafa, na rage, na shafa. Na ja zoben. Ya hau. Ya hau tare da na hagu, har ya ɗan wuce shi, ya tura kuncin ya matse idon, yadda Malam yake yi in ya san ya ci gardama amma yana jira in gane da kaina.

Na saukar. Na sake ja.

Ban san tsawon lokacin ba. Na ji Maɗori a bayana.

"Ai ya yi, Mama."

"Na sani."

Ya tsaya kaɗan, ya koma kujerarsa. Na ci gaba da ja.

Lahadi, da yamma

Na kawo gwajin gida a waya. Ban yi niyyar nunawa ba, Yaya ce ta ƙwace ta ce bari ta ga aljanun da ke hana ni zama. Ta kalla ta ce, "Kai, wannan ai tafiyar ƙanena ce," kamar ta gano abin da aka ɓoye, ta kai masa har kujera kafin in tare ta.

Ya riƙe wayar da hagu. Mai Agogo ya shigo da ɗan tsallensa, ya ajiye akwati, ya yi murmushi. Ya ƙare. Ya miƙo min, na zaci ya gaji. Ashe so yake a maimaita. Na maimaita. Ya sake miƙowa.

A na ukun ko na huɗun ya sa babban yatsa a kan allon, daidai kafaɗar. Ya dube ni. Gefen hagu na bakinsa ya hau. Na jira kalmar, bai faɗe ta ba.

Sai ya nemi sandarsa. Yaya ta taso, ya hana ta da ido. Ya bi baranda daga kujera zuwa ƙofa. Ban shiga kicin ba. Na tsaya na kalla tun daga farko har ƙarshe, karo na farko. Daga ƙugu yake farawa, yana ɗaga shi ya jefo ƙafar. Maɗori bai yi ƙarya ba a wannan.

Kafaɗar tana nan yadda take. Ita ba abin da ya taɓa ta.

Litinin, da azahar

An nuna na kowa a babban allo. Na Mai Turare ya yi kyau, ban ce mata ba. Da nawa ya zo, wani a baya ya yi dariya a daidai tsallen, inda yara ke yi.

Darakta ya sa an maimaita. Ya karkata kai yana kallo, har tasa kafaɗar ta sauka bai sani ba.

"Za ki iya da wannan wahalar kowane mako?"

"Ina yin wadda ta fi ta."

Bai tambaya ba. Ya ce Mai Agogo nawa ne zuwa ƙarshen zango, daga nan a sake dubawa. Na san abin da a sake dubawa ke nufi. Ɗakin ajiya ba ya gudu.

Na sha shayin da aka ajiye min. Ya huce, sukari ya yi yawa.

Litinin, da magariba

Na bar maus a ofis. Kalmar sirrin tana nan yadda na sa ta.

Gobe da safe, kafin in fita, wuyan hannu. Dama. Da hannu ake yi.